A Ina Za A Tona?

Shekara tara ina riƙe wa Rabe sifana.
Daga Rafin Daɗi zuwa Ƙofar Sauri
duk gidan da ruwan Ajiwa ya yi wa gardama
mun durƙusa a bayan bangonsa.
Yakan kara kunne a jikin bututu
kamar mai satar jin hirar maƙwabta,
ya ce, "Mati, tona nan."
A tona, a tarar.

Ciwon bai yi sallama ba.
Ciwon kai ne irin na kowa,
da zazzaɓin la'asar mai noƙe-noƙe.
Mai kemis ya ce cizon sauro,
da ya ƙi, ya ce taifot.
Sati uku. Wando ya fara zamewa daga ƙugu.
Ranar da wuya ya ƙi sunkuyawa a sujada,
ya kuma kira ni da sunan ƙanensa da ke kabari,
Baraka ta yafa mayafi ta ce a nemo mota.

Suka lanƙwasa shi, gwiwa a haɓa,
suka ɗebi ruwa a gadon bayansa,
ɗis,
ɗis.
Likitar, 'yar Dutsin-ma, ta ce sanƙarau ne,
amma ba na bazara mai kayarwa dare ɗaya ba,
na tarin fuka, mai tafiyar hawainiya.
Na ce ai ko tari bai cika yi ba.
Ta ce ba kullum ɓarawo ke bin ƙofa ba.

Ƙwayoyi kowace safiya kafin karin kumallo.
Fitsari ya koma kalar manja.
Kwana tara, ya buɗe ido sosai,
ya nemi fura,
ya tambaye ni ko mutanen Layin Zana sun cika mana kuɗin tanki.
Baraka har ta raba ƙosai sadaka.

Dare na sha ɗaya
kofi ya suɓuce daga hannun dama.
Baki ya zame gefe guda
kamar ƙyauren da hinjinsa ya cire.
Ya dube ni, maganar tana nan a idonsa,
ta rasa hanyar fitowa.

Da hoton kai ya dawo, likita ta juya katin asibiti
ta yi mini zane a bayansa.
A gindin ƙwaƙwalwa, in ji ta,
cutar ta taru ta yi kauri kamar kunun da ya kwana,
ta naɗe jijiyoyin jini,
bangonsu ya kumbura ta ciki, hanya ta tsuke.
Ko magani na cin ƙwayar cutar, kumburin bai sauka nan take.
Wata 'yar siririya, ba ta kai tsinken tsintsiya ba, ta toshe,
unguwar da take shayarwa kuwa...

Ban bari ta ƙarasa ba.
Wannan ai aikinmu ne.
Na ce, "A ina za a tona?"
Ta ajiye biro.

Yau wata biyar.
Saura bakwai na magani, ba fashin kwana ɗaya,
ni ke zana layi da gawayi a bangon zaure.
An gwada majinar Baraka, an duba yara, har da ni.
Kullum da hantsi ina miƙe masa yatsu ɗaya-ɗaya,
suna komawa su dunƙule
kamar suna riƙe da sifanar da ba kowa ke gani ba.
Ƙafar ta yarda ta ja shi zuwa bakin rariya.
Hannun bai ce komai ba tukuna.

Shekaranjiya famfon gidansu ya ɗauke.
Ina cikin lalube sai ga shi, sanda a hagu,
yana jan ɓarin jikinsa kamar buhun siminti.
Ya jingina da bango. Ya kara kunne.
Ya daɗe.
Leɓe ya yi rawa, ya yi rawa,
sannan ya ce,
"Nan."

Na tona.
Ya kuskure da taki guda.
Na faɗaɗa ramin a hankali, ina ba shi baya,
har ya haɗe da inda ya nuna.